Tsaga Goma Sha Ɗaya a Sandar Tanko

Wata Alhamis ce a watan Yuli na 2018, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ina kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar jif a garejin da nake aiki a Ras Al Khor, a nan ƙasar Larabawa, baƙin mai yana ɗigo mini a gefen wuya, sai na ji matar da ta kawo motar tana waya. Ban ga fuskarta ba, ƙafafunta kawai nake gani cikin silifa. Amma na san muryar. Ba ita na sani ba, yadda take murza Turanci na sani, wannan hawa da sauka da ke sa ko gaisuwa ta zama kamar ana tuhumar ka. Shekara arba'in rabona da jin irinta. Na turo kaina waje, na goge hannu da tsumma, na tambaye ta da ɗan Turancina na gareji ko daga ƙasar Ailan take. Ta ce e, da mamaki. Ban san abin da ya hau kaina ba, sai ji na yi na ce, "Garsun." Matar nan ta zaro ido, ta tafa hannu, ta kashe wayar ba ko sallama. Ta ce wannan ai kalmar kakarta ce, a ina na samo ta? Na ce a bakin wani Fada, limamin cocinmu, ɗan ƙasarku. Ta dafa ƙirji ta ce, "Kai, lalle kun ƙaunace shi." Na dube ta. Na koma ƙarƙashin motar, domin amsar da ta zo bakina ba irin wadda ake ba mai mota ba ce a gaban mai gareji.

A wani ƙauye aka haife ni, kudu da Kano, inda ƙasa ta fara yin ja. Hausawa ne mu, kakanninmu Maguzawa, iyayenmu ne suka shiga coci. Gidanmu na gandu ne: Baba da ƙanensa Baffa Nomau, katanga ɗaya, gona ɗaya, rumbuna bakwai a jere a bayan ɗakunan mata. Da asuba ƙarar turmi ke tashin mu. Kafin rana ta ɗaga mun share turken awaki, mun kai taki gona a mangala, mun jawo wa Iya, kakarmu, ruwan da za ta jiƙa dawar giyarta. Ni ne Ɗanladi. Ɗan Baffa kuma shi ne Tanko, namiji ɗaya da ya zo bayan mata huɗu. Kwana shida ne tsakanina da shi. Uwarsa ta yi ciwon nono bayan haihuwa, sai Innata ta haɗa mu ta shayar, shi ya sa a gidan ba a cewa Ɗanladi sai an ce da Tanko. Tare muke kiwo, tare muke korar tsuntsaye a kan rumfar gero da gwangwani da tsakuwa, tare muke harbin ƙadangaru da danƙo, a langa kuwa ba wanda ke yarda a sa mu ɓangare ɗaya. Ya fi ni kai, wannan ba abin musu ba ne. Tun kafin ya san alli yakan dubi damman dawa a tsakar gida ya faɗi rumbu nawa za su cika, ya kuma yi daidai.

Baffa bai so a kai Tanko makaranta ba. Ɗa ɗaya gare shi, ga gona. Sai da Baba ya yi ta lallashi damina guda kafin ya saki, kuma da sharaɗi ya saki, a gaban kowa, yana wasa fartanya a kan dutse: "Na ba da shi ya yi karatu, ban ba da shi a dake shi ba. Ran da ya shigo gidan nan da shatar bulala, ran nan ya gama boko." Duk gidan an ji. Ni ma ina wurin, na ji da kunnena. Ku riƙe wannan, don kada a gaba wani ya ce ai yaro ne, bai sani ba.

Makarantar ajujuwa shida ce ta jan laka da rufin kwano, a gefen coci. A takarda ta gwamnati ce, amma kowa ya san maganar Fada ce ke aiki. Dogo ne, jan wuya, hannuwansa duk gashi, kullum da lofe a baki ko da ba wuta. Ba zan yi masa ƙarya ba: shi ya haƙa mana rijiya mai murfi, shi ya ɗauki Innata a bayan babur ya kai ta asibiti ran da maciji ya sare ta. Kuma yana jin Hausa, har da habaici. Da Hausa yake wa'azi ranar Lahadi, tsofaffi suna gyaɗa kai. Wannan ne ma abin da har yau yake ci mini rai. Bakin da yake yi wa Allah magana da Hausa ran Lahadi, shi ne ran Litinin yake cewa Hausa ba ta da wurin zama a harabar makaranta.

Dabararsa ita ce sanda. Ba ta duka ba, wannan tana hannun Malam Ishaya, malaminmu. 'Yar guntuwa ce ta icen darbejiya, tsawon tafin hannu, an huda kanta an zura igiyar rama. Kowane yaro da tasa a wuya, daga bugun ƙararrawar safe har tashi. Duk kalmar Hausa da ta kuɓuce maka, sai a yi wa sandarka tsaga ɗaya. Ranar Juma'a a ƙarƙashin mangwaro a ƙirga, kowace tsaga bulala ɗaya, sannan a feƙe sandar ta koma sumul. Fada ba ya duka da hannunsa. Tsayuwa yake yi yana kallo yana tsotsar lofe. Haka kuma ba shi ke tsagawa ba. A cikinmu yake zaɓar yaro ɗaya ya ba shi 'yar wuƙarsa ta aljihu mai ƙotar ƙaho, wannan yaron shi ne garsun. Garsun ke buga ƙararrawa, shi ke ɗaukar jakar Fada, shi ke goge babur. Shi ke samun ragowar burodi da gwangwanin madara da babu kowa a ciki, wanda a lokacin ya fi mana kofin zinariya. Sama da duka, an ce garsun ne Fada ke rubuta wa takarda zuwa babbar makaranta a birni. Idan kuwa aka kama garsun ya rufa wa wani asiri, a karɓe wuƙar, ya sha ninkin bulalar. A aji huɗu, shekarata goma, wuƙar ta zo hannuna. Ran nan Baba ya yanka zakara.

Kun san abin da sanda take yi wa yara? Ba Turanci take koya musu ba, shiru take koya musu. Filin makarantarmu ya koma kamar gidan makoki. Yara tamanin suna buga ƙwallon tsumma ba mai cewa uffan, sai ƙarar ƙafa. Yarinya ta gwammace ta jiƙa benci da ta nemi izinin fita. Kowa na kallon bakin kowa, kowa na kallon aljihuna. Tanko ne ya samo mafita. Wata rana a hanyar gida ya ce mini, "Kai Ɗanladi, bokiti Hausa ne ko Turanci?" Na ce Hausa mana. Ya ce to kakan Iya ya san bokiti? Tebur fa? Fensir fa? Ya ce duk kayan Bature ne, da sunansu suka zo, saboda haka wanda ya faɗe su Turanci ya yi. Daga nan ya bi direban motar kasuwa da ke zuwa ran Talata, ya kwaso sunayen kayan mota kaf, ya raba musu aiki. "Birki" yana nufin a yi shiru, malam na zuwa. "Giya" a ci gaba. "Fetur" ina jin yunwa. "Faci" an ji mini ciwo. "Ribas" mu koma. "Hon" kira mini wane. Kafin sati biyu filin nan ya dawo da rai. Yara na ihu "Giya! Giya!" a bayan ƙwallo, ana dariya har da faɗuwa. Ni kuma wuƙa tana aljihu, ban tsaga wa kowa ba, domin a ganina hujjar Tanko ta tsaya. Wata biyu muka yi a haka. Ban taɓa jin daɗin makaranta kamar waɗannan watannin ba.

Sai Fada ya lura sandunan Juma'a sun yi sumul da yawa. Wata Laraba ya tsaya a bayan tagar ajinmu ya saurara. Da aka tashi tara, ya sa aka tara mu a gindin mangwaro, ya aika aka ɗauko bokitin da muke yayyafa wa aji ruwa, ya ɗaga shi sama, ya kira Tanko ya ce mene ne wannan. Tanko ya ce, "Bokiti, Fada." Fada ya cire lofe. Da Hausa ya yi maganar, don kada wani ya ce bai gane ba: "Wannan ba Turanci ba ne. Gawar Turanci ce. Kun ari kayan mutane kun lanƙwasa shi, kun sa masa wutsiya, kuna kuma so a yaba muku." Sannan ya juyo ya kira ni garsun, da wannan kiran nasa da ke fitowa daga maƙogwaro. Ya ce tunda Tanko ne uban tafiyar, in faɗi irin waɗannan kalmomi nawa na ji daga bakinsa a wannan satin, in tsaga. In kuma ba zan iya ba, in ajiye wuƙar a kan bencin nan in koma layi.

Bencin yana nan gabana, taku biyu. Na san abin da Baffa ya ce. Tanko ma ya sani, shi ya sa bai dubi Fada ba, ni yake kallo, ya ɗan ɗaga haɓa ya miƙo mini sandar da kansa, igiyar tana wuyansa. Ina iya ajiye wuƙar. In ma ban ajiye ba, ina iya cewa biyu, ko uku. Malam Ishaya yakan sassauta hannu a kan uku, ba ta barin shata. Na tsaga goma sha ɗaya. Na daɗe ina gaya wa kaina tsoro ne, kuma akwai tsoron. Amma na tsufa, na gaji da yi wa kaina ƙarya. Ina so Fada ya ga ni mai gaskiya ne, ina son takardar birni, kuma can ƙasan raina na san in dai Tanko yana ajin nan, ko ba jima ko ba daɗe shi za a rubuta wa ita. Icen ɗanye ne, wuƙar na shiga kamar a rogo. Numfashinsa yana bugun hannuna ina yi.

Ranar Juma'a Malam Ishaya ya kwantar da shi a kan bencin. Fada yana tsaye, saboda haka ba sassauci. Tanko bai yi kuka ba. A ta takwas ya ɗago kai ya ce, a hankali, "Birki, Malam." Duk makarantar ta fashe da dariya, har Malam Ishaya sai da ya juya baya. Fada bai yi ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya, aka ƙara masa ta goma sha biyu. A hanyar gida na bi shi da gwangwanin madarata, na ce ya riƙe, na bar masa. Bai karɓa ba, bai kuma zage ni ba, da ma ya zaga. Na ce mu biya ta wurin Iya ta shafa masa man kaɗanya, ya kwana da riga, ba wanda zai gani. Ya ce, "Ɗanladi, gobe akwai noma. Wa ka taɓa gani yana noma da riga?" Da safe a gona Baffa ya gani. Bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa komai ba. Ya aika aka ɗauko jakar Tanko, ya ciro sandar, wadda aka manta ba a feƙe ba jiya, ya bi tsagogin da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni, don duk ƙauyen an san wa ke riƙe da wuƙa. Ya jefa ta a wutar da mata ke dafa mana abincin gona. Ran Litinin ni kaɗai na tafi makaranta. Kafin kaka biyu Baffa ya ja katanga a tsakiyar gidan, aka raba rumbunan. Manya sun ce wai gandu ne ya yi girma. Ni na san daga inda tsagar ta fara.

Me wuƙar ta saya mini? Ba komai. Shekara ta zagayo Fada ya tafi hutu ƙasarsu bai dawo ba. Wanda ya maye shi bai san wani garsun ba, bai san wata takarda ba, ya tattara sandunan ya ba mai dafa masa abinci. Ina aji biyar Baba ya rasu, aka tura ni Kano koyon gyaran mota. Ga ni nan har yau, na haura hamsin, ina kwana da mutum bakwai a ɗaki ɗaya a Sonapur, unguwar leburori, bas na kwaso mu da asuba kamar awaki. Kuma kalmomin da nake cin abinci da su daga safe har yamma su ne birki, giya, faci, ribas. Gawar Turancin ce take ciyar da 'ya'yana.

To, ita matar ba ta ƙyale ni ba. Da na fito daga ƙarƙashin jif ɗin tana nan tsaye. Ta ce malama ce a wata makarantar 'ya'yan Turawa a nan, amma a gida harshensu na asali ta karanta, wai suna da nasu daban da Turanci. Ta sa yatsa a ƙurar jikin ƙofar motarta ta rubuta garsún, da wani ɗan karan tsaye a kan u, wai alamar a ja shi ne. Ta ce ma'anarsa yaro, ba wani abu ba. Ta ce tunda da jan ƙarshe na faɗa, to Fadanmu mutumin kudancin ƙasarsu ne, domin su ke ɗora nauyin kalmar a baya, wasu yankunan kuma sun yanke ta sun mai da ita wani abu dabam. In za a kira yaron kuwa, farkon kalmar yakan narke ya koma maƙogwaro, ƙarshen ya sirance. Ta yi kiran. Sak na gindin mangwaro. Sannan ta ce abin sha'awar shi ne asali ba tasu ba ce. Wasu mayaƙa masu jin Faransanci ne suka ci ƙasarsu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, suka zo da ita, mutanenta suka ara, bakinsu ya lanƙwasa ta har ta zama tasu.

Isufu, mutumin Damagaram da ke gyaran lantarkin mota a kusa da ni, wanda na taɓa yi wa alfahari cewa na riƙe muƙamin garsun a makaranta, yana jin an ambaci Faransanci ya leƙo. Ya karanta ƙurar ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce da Hausa, "Garson! Wallahi Dattijo, wannan ai shi muke ƙwala wa yaron mai shayi. Ashe sarautar da ka yi ke nan? Garson, yalla, maza kawo sifana goma sha biyu!" Na ce, "Isufu, ka fita idona, in ba haka ba sifanar a kanka za ta sauka." Ya ce, "Halas, shi ke nan, habibi, ran garson ya daɗe," ya koma bakin aikinsa yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Na tambayi matar, na ce wato kun ari kalmar mutane, kun lanƙwasa, kun sa mata wutsiya? Ta ce ƙwarai, ai haka kowane harshe yake rayuwa. Na ce to ku wa ya dake ku a kai? Sai na ba ta labarin sandar, a taƙaice, ba tare da sunan Tanko ba. Fuskarta ta yi ja kamar wuyan Fada. Ta ce wannan sandar tasu ce. A zamanin kakannin kakanninta haka aka riƙa rataya wa yaran ƙasarsu ita, ana tsagawa, ana dukansu don su bar harshensu su kama Turanci. Na ce shi Fada ya san da haka? Ta ce ba ɗan ƙasarsu da bai sani ba. Na ce madalla. Da ina zaton jahilci ne. Ashe ya san zafinta sarai, ya ɗauko ta, ya haye teku da ita ya kawo mana. Ta ciro waya ta ce don Allah in maimaita ta ɗauka, ɗalibanta su ji. Na ce Madam, an riga an yi darasi da bayan ɗan'uwana sau ɗaya, ya isa. Motarki famfon mai ne, ki dawo ran Asabar.

Washegari Juma'a, ba aiki, kuma a nan ran Juma'a muke zuwa coci. Bayan mun dawo coci na zauna a matakalar bene na kira Tanko. Yana ƙauye har yanzu, manomi ne, 'ya'yansa tara duk ya sa su makaranta, biyu malamai ne. Mukan yi waya, amma ba ta wuce ruwan sama da farashin taki da wanda ya mutu. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa ambatar mangwaron nan a cikinmu. Ran nan na ba shi labarin matar da kalmar. Ina jin kukan awaki a bayansa. Can ya yi wata 'yar dariya ya ce, "To shi wa ya tsaga masa?" Na ce ba kowa. Sai na ce, "Tanko, ran nan fa, da na ce uku..." Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Birki, Ɗanladi." Sai ya shiga gaya mini geron bana ya yi kyau, amma tsuntsaye sun dame shi, yaran yanzu kuma ba mai yarda ya hau rumfa. Har yau ban sani ba ko yafewa ce, ko kuwa ya hana ni sauke kayan ne don in ci gaba da ɗauka.

A garejin nan harshe shida ake yi. Bapakistane yana lanƙwasa Larabci, Balarabe yana lanƙwasa Turanci, mu muna lanƙwasa duka, kowa na aron na kowa ba mai mayarwa, kuma mota na tashi. Ba mai sanda a wuya. Wani lokaci idan zafin rana ya sa aka tsayar da aiki, nakan jingina da taya in rufe ido, sai in ga filin nan na jar ƙasa a cikin watanni biyun, yara tamanin suna bin ƙwallon tsumma suna ihun "Giya!", Tanko a gaba, rigarsa a hannu, bayansa sumul. Fada na tsana, kuma zan mutu ina tsanarsa. Amma shi sanda kawai ya kawo, wuƙar a hannuna take.